Zuwa Ne Ko Komawa

Hillat Sambo, kusa da Hasahisa
10 ga Zulƙida

Zuwa ga Yaya Hadizatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki da ta maigidanki Malam Abdussalami da ta yara. Yaya Inna? Yaya ƙafar tata? Ta fara sabawa da ruwan Sakkwato kuwa? Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Na rubuta ne a takarda na ɗauki hoto na turo miki, don na san in na kira, Inna tana gefe, kuma kunnenta bai tsufa ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san aji biyar na tsaya.

Albishirinki, kayan Inna sun tashi. Ranar Talata babbar mota ta zo har ƙofar gida. Aka ɗora gadajen angarib biyu, da kabad, da keken ɗinki, da turmi, da tukwane, da kaskon kisra, da akwatin ƙarfen nan kore. Matan unguwa suka tsaya a jikin katanga suna kallo. Da aka ɗauke angarib ɗin Inna sai ga ramuka huɗu a daɓen ɗakin, inda ƙafafunsa suka zauna shekara arba'in. Ban cike su ba.

Wanda ke yi mana takardu sunansa Mujtaba, muhallis ne, wato mai shige da fice da kayan mutane a jamarik, kwastan ɗinmu na nan. Ofishinsa yana Madani. Mutum ne mai fara'a, kafin ka zauna ya aika a kawo shayi. Ya ce mota za ta kai kayan Bur Sudan, jirgin ruwa ya kai su Legas, wata motar ta kawo muku. Ya ce doka a can ita ce kayan gida da aka yi amfani da su ba a biya musu haraji, sai sabon abu. Kawu Alhasan da ya raka ni ya ce to mun tsira, turmin ƙanwarsa ya ga bayan gwamnati biyar. Sai Mujtaba ya tambaye ni da Larabci, hajiyar zuwa ta yi ko komawa? Na ce komawa mana. Ya ce kwayyis, haka ya fi sauƙi, mai komawa ƙasarsa ba a wahalar da shi. Ya sa alama a wani ɗan gida cikin takardar, na sa hannu.

Yanzu maganar akwatin. Ba kya nan aka yi ta, gara ki ji daga bakina. Kin san likkafaninta ne a ciki, rabin farin yadin baftar nan da Baba ya saya a masaƙar Hasahisa lokacin yana aiki can, ya tafi da ita hajji ya wanko da zamzam. Da ya dawo ya raba biyu da hannunsa. Ɗayan rabin da shi muka yi wa Baba sutura, shekara huɗu ke nan. Nata yana kulle tun ranar da ya rufe shi da kafur, makullin yana wuyanta.

Da Malam ya zo tafiya da ita bayan ƙaramar Salla, muka auna jakunkuna a sikelin mai gyaɗa, akwatin shi kaɗai ya cinye nauyin da jirgin sama ya yarda. Na ce ta buɗe mu ɗauki ƙyallen kawai. Ta ce hannun Salih ne ya rufe, ba mai buɗewa sai ranar. Na ce to ta bar shi ya bi jirgin ruwa, kwana arba'in ne kacal. Har da wasa na ce mata, Inna, ai ba kya mutuwa cikin kwana arba'in. Ta dube ni ta ce ni na rubuta mata? Na dafa akwatin na ce yana wuyana. Da haka ta shiga mota.

A ofis da aka zo lissafa kaya ɗaya bayan ɗaya, Mujtaba ya ce me ke cikin akwati. Bakina ya ƙi faɗin sunan. Na ce tufafin tsohuwa ne. Ya rubuta, tufafi na sawa. Na ga ai ba ƙarya ba ce sosai, sawa za a yi.

Ki gaya wa Inna ta fara ƙirga kwanakin daga Talatar nan. Ni kuma ina nan ina riƙe da hawashar Baba, gonarsa ta ban ruwa, in na girbe dawa na yi alkama sau ɗaya, sai in nemi jawaz, wato fasfo, in biyo ku.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Bilyaminu


Hillat Sambo
27 ga Muharram

Yaya Hadizatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun yi babbar Salla lafiya, kun shiga sabuwar shekara lafiya. Yaya jikin Inna? Nan ruwa ya sauka sosai, dawa ta kai gwiwa, sauro kuma ya kai wuya.

Na ga saƙonki cewa Inna ta gama ƙirga arba'in ɗinta ta soma wata. Ban amsa da wuri ba don ba ni da abin faɗi. Jirgin bai miƙe ba, sai da ya sauke kayan a Jidda suka jira wani. Kawu ya ce ba komai, likkafanin ya leƙa hanyar Makka ne ya yi sallama. To yanzu sun isa Legas, kwana tara ke nan. Amma akwai magana, kuma ni na jawo ta.

Mujtaba ya kira ni na je Madani. Wannan karon ba a kawo shayi ba. Ya ce ejan ɗin da ke karɓar kayan a can ya aiko yana neman jawaz ɗin hajiya na Nijeriya, mai hatimin ranar da ta fita ƙasar da ranar da ta dawo. Wai da shi ake gane mai komawa ne na gaske. Na ce ai Inna jawaz ɗinta na Sudan ne, kuma bana ta fara riƙe shi. Ya ce to yaushe ta baro Nijeriya? Na ce ba ta taɓa zuwa ba. Ya cire tabarau ya ce, ya zol, bawan Allah, to me ya sa ka ce komawa?

Yaya, me zan ce masa? Kin san yadda muke faɗi a garin nan. Wanda ya yi gabas zuwa Makka, mu ce ya ƙarasa. Wanda ya yi yamma, mu ce ya koma gida, ko da kakansa ma bai taɓa ganin wurin ba. Ke ma ranar da aka kai ki, ai cewa aka yi Hadizatu ta koma. Tun ina goye nake jin kalmar, ban taɓa juya ta na ga bayanta ba. Ashe a takarda tana da wata ma'ana, kuma sai da hatimi.

Da na gaya wa Kawu, bai yi faɗa ba. Washegari ya sa farar jallabiyarsa ya ce mu koma Madani, shi yana da shaida. Kin tuna tsohon littafin addu'ar nan da yake naɗewa a fatar akuya? A bangon baya kakan Inna ya rubuta zangon da suka yi tun daga Sakkwato, gari bayan gari, da inda jakinsu ya mutu, da inda aka haifi wance, da inda aka binne wane, har bakin kogin nan. Kawu ya buɗe a teburin Mujtaba ya ɗora yatsa a layin farko ya ce ga ranar fita, shekarar da Nasara suka ci ƙasar. Mujtaba ya fara dariya. Kawu ya ci gaba da karanta sunayen garuruwan da ƙarfi, bai tsallake ko ɗaya ba. Kafin ya kai ƙarshe dariyar ta tsaya. Ya ɗauki hoton shafin don girmamawa, amma a bakin ƙofa ya ja ni gefe ya ce ma'alesh, in yi haƙuri, wannan ba mai karɓa, babu hatimi.

Abin da ya rage shi ne a canza takardar, a mai da Inna baƙuwa mai zuwa zama. Sai Malam ya samo mata izinin zama a can, mu kuma nan mu sa kamfanin jirgin ya gyara tasa takardar. Kafin nan kullum ana ƙirga wa kayan ardiyya, kuɗin ƙasar da suka zauna a kai. Kada wannan ya dame ku, zan san yadda na yi.

Kada ki gaya wa Inna an ce ita baƙuwa ce. Ki ce jirgi ne ya yi nawa.

Naki,
Bilyaminu


Hillat Sambo
20 ga Rabi'ul Awwal

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam da yara, ina yi muku barka da Maulidi. Na ji kumburin ya hau daga ƙafa zuwa ciki, kuma likita ya hana ta gishiri. Allah Ya sawwaƙe. Ki riƙa dama mata kunun madidar hilba da safe, ita kaɗai take sha ba gardama in ba ta jin daɗi.

Na dawo daga Bur Sudan shekaranjiya. Mujtaba ya gaji da ce mini bukra, wato gobe, ni ma na gaji da ji, sai ya ba ni takarda ya ce in je ofishin kamfanin da kaina. Na sayar da karsanar nan mai farin goshi na tafi. Kawu ya riƙe mini ban ruwa.

Na ga teku, Yaya. Ban ji komai ba. Abin da ya tsaya mini a rai akwatunan ƙarfe ne manya manya, an jera su bisa juna kamar bulo, sun fi gidajen Hasahisa yawa. Na ce a raina, a Legas ma haka ne, kuma cikin ɗaya daga irin waɗannan akwai angarib ɗin Inna a tsaye cikin duhu, da ɗan akwatinta a ƙarƙashi.

Kwana tara na yi a bakin taga ɗaya. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Mai tagar dattijo ne mai haƙuri, a rana ta uku har ya san sunana. Sai dai gyaran ba a hannunsa yake ba. Shi zai aika wa wani ofis a wata ƙasa, su amsa, sannan ya buga. Ranar da suka amsa babu wuta. Ranar da wuta ta zo mai sa hannu ya tafi ta'aziyya. Na lura duk wanda ya ɗaga murya a wurin, takardarsa ba ta fi tawa sauri ba, sai na yi shiru na riƙa zama inda zai gan ni in ya ɗaga kai. A rana ta tara ya miƙo mini. Kalma ɗaya aka soke aka rubuta wata a samanta. Na daɗe ina kallonta a bakin titi. Wata biyu da karsana ɗaya, ga su nan a kalma ɗaya.

Na gode wa Malam da ya samo izinin zaman. Kin ce da aka kama yatsanta za a dangwala ta tambaya takardar mece ce, kika ce ta asibiti ce. Allah Ya yafe mana ni da ke.

Game da shawarar Malam, cewa a sayi farin yadi a kasuwa a yayyafa masa zamzam ɗin da alhazan bana suka kawo, a ajiye ko da Allah Ya yi ikonSa. Gaskiyarsa ne, ya fi ni sani, kuma a saya ɗin a ajiye. Amma don Allah kada a ce mata shi ne. Ba zamzam ɗin kaɗai take jira ba. Ranar da muka yi wa Baba sutura ni na riƙe gefen ƙyallen, na ga bakin yankan ya karkace, don da wuƙar yankan kara ya raba shi, ba da almakashi ba. Inna ta ce mini a ranar, karkacewar nan ɗaya gefen nata yana cikin akwati, in an haɗa za su dace. Abin da take jira ke nan.

Kin ce kullum bayan la'asar tana sa a fitar mata da tabarma ƙofar gida, duk motar da ta fi akori-kura girma sai ta bi ta da ido. Ni ma nan in na ji babbar mota a kan gadar tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, sai in fito in duba, alhali na san ba nan za su zo ba.

Mujtaba ya ce yanzu saura a buɗe kayan a duba kawai. Ban ce miki kwana nawa ba. Na daina faɗin kwana.

Ƙanenki,
Bilyaminu


Hillat Sambo
16 ga Jimada Ula

Yaya Hadizatu,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya. Yaya Inna ta kwana? Na girbe dawa, ta yi kyau, na shuka alkama.

Na san Malam ya riga ya ji daga bakin ejan, amma bai ga hotunan ba, ni aka turo wa. An buɗe kayan ranar Laraba. An fitar da su fili a kan siminti. Angarib tsoho, an sake shi. Kabad tsoho. Turmi sai da suka ƙwanƙwasa shi suka leƙa ciki, an sake shi. Tukwane baƙi ƙirin, ba wanda ya ko taɓa. Duk abin da Inna take jin kunyar tsufansa, tsufan ne ya fitar da shi.

Sai akwatin. Suka nemi makulli, makulli yana Sakkwato a wuyan mai shi. Suka sa ƙarfe suka ɓalle kwaɗon.

Yaya, a hoton na ga hannun wani da safar roba yana riƙe da shi a rana. Fari fat, kamar jiya aka saƙa. Kafur ya tsare shi, ko tabo babu. A gefe ga tambarin masaƙa da shuɗin tawada, zamzam ya ɗan wanke shi amma ana karantawa. Suka auna tsawonsa suka rubuta: sabon yadi, ba a ɗinka ba, ba a yi amfani da shi ba. Takardata kuma ta ce tufafi na sawa. Don haka aka ware shi gefe a matsayin kayan kasuwa da ba a bayyana ba. Sai an yanke masa haraji da tara, kuma ba mutum ɗaya ke yankewa ba.

Na roƙi Mujtaba ya kira ejan a gabana. Na ce ya gaya musu ko mene ne. Ejan ya ce ya faɗa, kuma ma'aikacin da ya duba ya gane, har ya mayar da shi yadda yake a ninke da hannu biyu. Amma abin ya riga ya shiga na'ura, wanda ya shigar ba shi da ikon fitarwa. Wai da akwai shaidar an taɓa amfani da shi, da an sake shi tare da sauran. Na ce Mujtaba, tambaye shi, a garinsu akwai wanda ya taɓa ganin likkafanin da aka yi amfani da shi? Mujtaba bai fassara ba. Ya kashe wayar ya aika a kawo shayi, muka zauna har ya huce ba wanda ya sha.

Da na faɗi sunansa tun ranar farko, da an rubuta shi yadda yake, ko nawa ne a biya a wuce. Kunya ce ta hana ni, da tsoron kada in kira abin ya zo. Kalma biyu aka tambaye ni a ofishin nan, ɗaya na faɗi wadda na gada, ɗaya na ɓoye wadda na sani, duka biyun sun kama ni.

Sauran kayan za su taso muku cikin makon nan, har da akwatin, babu komai ciki. Ki sa Malam ya tare motar a bakin titi. Ku sa sabon kwaɗo irin wancan, ku tura shi ƙarƙashin gado kafin ta gani. Liman ya rubuta mana takarda da Larabci ya bayyana mene ne likkafani da yadda ake yin na mace, an fassara an aika. An ce tana kan tebur.

Ki yi mini addu'a.

Bilyaminu


Hillat Sambo
12 ga Jimada Sani

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na ga saƙonki.

Na karanta wurin nan sau da yawa, inda kika ce ta hana a tura akwatin, ta sa aka ɗora mata a cinya, ta ɗan ɗaga shi kawai ta ajiye, ba ta ko duba kwaɗon ba. Wauta ce tawa. Matar da ta share ƙarƙashinsa shekara talatin ai ta san nauyinsa.

Kin yi daidai da kika gaya mata komai, har da maganar baƙuwa. Da na karanta wa Kawu amsarta, cewa a gaya wa masu jamarik su ƙara haƙuri kaɗan, ta kusa yin amfani da shi, sai ta aika musu da shaida, ya yi dariya har ya kama bango. Daga nan ya shiga ɗaki bai fito ba sai magariba.

Na ji daɗi da ta kwanta a angarib ɗinta ta yi barci. Kin ce ta cire makullin daga wuya ta ba ki, kuma ta ce a gaya wa auta ya sauke abin daga wuyansa shi ma. Ki ce mata na ji. Kada ki ce mata na sauke.

Mujtaba ya ce an yanke kuɗin, na biya ta hannunsa. Saura sa hannu ɗaya, mai sa hannun yana hutun ƙarshen shekara. Kullum da safe ina hawa kan gadar tur'a inda waya ke kamawa, in tsaya. Iyakar abin da nake iyawa ke nan.

Ki sa mini wayar a kunnenta gobe bayan azahar, ko ba za ta yi magana ba.

Bilyaminu


Hillat Sambo
3 ga Sha'aban

Zuwa ga Yaya Hadizatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya haƙuri? Yaya Malam da yara? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta, Ya ba mu haƙurin rashinta. Ki yafe mini shirun da na yi. Na sha ɗaukar biro in ajiye.

Nan ma an yi zaman makoki kwana uku. Mutane sun zo daga Abu Na'ama har Damazin. Babu abin zama a ɗakinta, sai aro muka yi. Tsofaffi suna kiran Inna da sunanta, suna ta cewa Mairo ta yi sa'a, ita ce ta farko a zuriyarmu da ta koma ta kwanta a ƙasar kakanni. Na riƙa cewa amin. Mujtaba ma ya zo, ya zauna a ƙasa cikin mutane. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya daɗe, bai ce bukra ba, bai ce ma'alesh ba.

Ki gode wa Malam da yadin da ya saya ya ajiye. Liman ya ce mini ƙasa ba ta tambayar inda aka saƙa ƙyalle, kuma na yarda. Sai dai ranar da kika rubuto cewa direba ya kawo ƙunshin, kwana goma sha biyu bayan an rufe ta, na fita hawasha na zauna cikin alkama har rana ta yi tsaka. Kwana goma sha biyu, Yaya. Ni kuwa kwana tara na yi a bakin taga ɗaya.

Ranar Juma'a na je wurin Baba. Na cire ciyawar da ta fito, na zuba ruwa. Na gaya masa Inna ta rasu a Sakkwato a kan angarib ɗinta. Na gaya masa gefen ƙyallen bai samu ɗan'uwansa ba, kuma ni ne sanadi. Ban san ko ya halatta a yi wa kabari irin wannan bayani ba, ban tambayi liman ba.

Na ga hoton rasit ɗin da aka liƙa a jikin ledar. Hatimi uku, da lamba, da ranar shiga ƙasa. Na nuna wa Kawu, ya juya wayar sama da ƙasa ya ce shekara ɗari da ashirin muna cewa za mu koma, ga wanda ya koma da cikakkiyar takarda.

Sai wasiyyarta. Kin ce daren da ya gabaci rasuwarta ta ce in ƙyallen ya iso kada a bayar, kada a mayar, a sa a akwatin a ajiye wa Bilyaminu, in yana son abinsa ya zo ya tarar. Na san Inna. Ba ƙyalle ta bar mini ba, igiya ta ɗaura mini a ƙafa don kada in zauna nan ni kaɗai. To ta ɗaure. Amma Baba yana nan bayan tur'a, kuma ɗayan rabin yana tare da shi. In na taho na bar shi ba mai cire masa ciyawa, Kawu ya tsufa. In na zauna, likkafanina yana wata ƙasa yana jirana, ya riga ni samun izinin zama.

Ki ninke shi yadda Baba ya ninke, bakin yankan a ciki. Ki sa sabon kafur. Makullin ki riƙe a wurinki, kada ki aiko, kada ki ba jirgi ko mota.

Alkama ta fara ja, saura wata ɗaya a yanka. Na karɓo takardar neman jawaz daga Madani, tana nan cikin littafin Kawu don kada ta yi datti. Na cike sunana da na Baba da na garinmu. Mujtaba ya ce in na zo neman biza za a sake yi mini tambayar nan, kuma wannan karon in yi tunani kafin in buɗe baki. Kullum ina tunanin. Na shiga ɗakin Inna jiya na tsaya a kan ramukan nan huɗu na gwada faɗin kowace da ƙarfi, zuwa, komawa. Ba wadda ta zauna a bakina.

Ke da kika yi shekara tara a can, ki gaya mini wadda zan faɗa.

A gaida Malam da yara. In kin je wurin Inna ki ce auta yana gaisuwa.

Ni ne ƙanenki,
Bilyaminu Salih